Ruwa a ƙofar gida, annoba a sansani: yadda iyali ke yanke shawarar tashi

A farkon Satumbar 2020 kogin Nil Azrak (Blue Nile) na ƙasar Sudan ya kai mita 17.67 a ma'aunin Hartum, tsayin da ba a taɓa rubuta irinsa ba tun da aka fara auna kogin, fiye da shekara ɗari da suka wuce. Ya zarce na 1946, ya zarce na 1988, shekarun da tsofaffinmu ke kafa misali da su in ana zancen ambaliya. Gwamnatin riƙon ƙwarya ta sa dokar ta-ɓaci ta wata uku. Sama da mutum 100 suka rasu, gidaje fiye da 100,000 suka rushe ko suka lalace, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta ce abin ya taɓa mutum kimanin 875,000. Jihar Sinnar, inda Mai Wurno take da sauran garuruwan da ake ciniki da Hausa a kasuwanninsu, tana cikin waɗanda suka fi jin jiki.

Ruwan ya zo ne wata shida bayan an tabbatar da mutum na farko mai korona a ƙasar, ranar 13 ga Maris. Tun daga lokacin ma'aikatan lafiya suke roƙon jama'a su zauna a gida, su guji cunkoso. Sai ga jami'an agaji da masu unguwa suna bi gida-gida suna cewa a fito, a tafi makaranta ko tanti, inda iyali goma za su kwana a aji ɗaya. Umarnin biyu kowanne yana da hujjarsa, amma maigida ba zai iya bin su duka a dare ɗaya ba. Gaba kura baya sayaki, kuma ba minista ne zai zaɓa masa ba.

Mu nan Sudan ba mu san guguwar teku ba, amma ƙasashen da suka san ta sun shiga irin wannan tsaka mai wuya a shekarar, kuma su sun tsaya sun auna abin da mutanensu suka yi. A Tekun Atlantika an yi guguwa 30 masu suna a 2020, har jerin sunayen da aka tanada ya ƙare aka koma haruffan Girka. Masu bincike a Jami'ar South Florida sun tambayi dubban mazauna jihar Fulorida, sai kusan kashi uku cikin huɗu suka ce zama a matsugunin gwamnati lokacin korona ya fi musu haɗari a kan su jure guguwar a gidajensu. Wannan amsa ta girgiza masu shirin agaji, domin an shafe shekaru ana koya wa mutane cewa in an ce a tashi a tashi.

Da guguwar Laura ta nufo gaɓar Luwiziyana da Teksas a ƙarshen Agusta, an umarci sama da mutum rabin miliyan su bar gidajensu. Maimakon a tara su a manyan ɗakunan wasanni kamar da, sai hukumomi suka kama ɗakunan otal, kowane iyali da ƙofarsa. Dabarar ta rage cuɗanya, sai dai a wasu wuraren ɗakunan sun ƙare mutane na kan layi. Guguwar ta sauka kusa da garin Cameron ranar 27 ga Agusta da iska mai gudun kilomita 240 a awa. Da yawa daga waɗanda suka rasu a Luwiziyana ba iska ce ta kashe su ba, ba kuma ruwa ba. Hayaƙin janareta ne, da suka kunna a cikin gida ko a gareji bayan wuta ta ɗauke. Wanda ya zauna a gida don gudun cuta ya gamu da wani haɗarin da bai sa a lissafinsa ba.

Tafiyar ma ba lafiya lau ba ce. A Satumbar 2005, makonni kaɗan bayan guguwar Katrina, mutanen birnin Houston na jihar Teksas sun kwarara kan titi gaba ɗaya don gudun guguwar Rita. Motoci suka cushe cikin tsananin zafi, mutum wajen 100 suka rasu a hanyar tserewa, cikinsu har da tsofaffi 23 da motarsu ta kama wuta kusa da Dallas. Saboda haka duk wanda ya ce maka maigidan da ya yi jinkiri jahili ne, bai san lamarin ba. Tsoho mai numfashi da ƙyar, fitar da shi daga ɗakinsa haɗari ne, barinsa a ciki ma haɗari ne.

Ƙasar da ta fi kama da mu wajen talauci, kuma ta fi ba ni sha'awa, ita ce Bangaladash. A 1970 guguwar Bhola ta kashe musu mutum aƙalla 300,000. Daga nan suka kafa rundunar 'yan sa-kai a ƙauyuka, masu yawo da lasifika da tuta, suka yi ta gina matsugunai a kan tudu. Da guguwar Amphan ta taso a Mayun 2020, ana tsakiyar kulle, sun kwashe mutum kimanin miliyan 2.4. Don kada a cushe, suka buɗe makarantu da gine-ginen hukuma har wuraren fakewa suka haura 12,000, suka raba takunkumin fuska da sabulu. Mutanen da suka rasu a ƙasar ba su kai 30 ba. Ba a cikin makon guguwar aka gina wannan amana ba. Mai lasifikar da ya ce a fito ɗan ƙauyen ne, an san ubansa, an kuma san ginin da za a je tun kafin ranar.

A nan gida, abu na farko da ke shiga lissafi shi ne irin ruwan. Cikar Nil Azrak tana da sanarwa: ruwan sama ne ke sauka a tsaunukan Habasha, a gan shi a ma'aunin Daim kusa da iyaka, ya bi ta madatsar Rusairis da ta Sinnar, ya ɗauki kwanaki kafin ya iso Hartum. Ma'aikatar ban-ruwa tana fitar da alƙalumma a lokacin damina, mai rediyo ko waya zai iya sani. Ruwan kwari kuwa ba ya sallama. A yi ruwa a wani wuri mai nisa da dare, kafin asuba kwarin da yara ke wasa a cikinsa ya cika ya batse. Mutanen Kasala sun san halin kogin Gash, wanda ya ci gari a 2003. A ƙarshen Yulin 2020 madatsar Bout a jihar Nil Azrak ta fashe ta rushe gidaje wajen 600. 'Yan'uwanmu na Jidda ba su manta Nuwambar 2009 ba, lokacin da ruwan 'yan sa'o'i ya kashe sama da mutum 120 ana shirin hawan Arfa, a shekarar da duniya ke fama da murar aladu. Mai gida a bakin kogi yana da kwanaki na shawara, kuma wannan kwanakin ne ke ruɗarsa, don kullum yana ganin gobe ma akwai lokaci.

Sai irin ginin. Yawancin gidajen talakawanmu na jalus ne, wato ginin laka, ko ɗanyen tubali. Ba sai ruwa ya kai ƙugu zai kashe mutum a irin wannan gida ba. Ya isa ya kwanta a gindin katanga kwana biyu, ƙasar ta sha ta yi laushi, rufin ya sauko kan masu barci. Rushewar gini na cikin manyan abubuwan da ke kashe mutane a ambaliyar Sudan, tare da nutsewa da jan wutar lantarki.

Na ga yadda irin wannan shawara take kaiwa da komowa a gidan wani maƙwabcinmu a daminar 2020. Samarin unguwa sun kwana uku suna gayyar jinga, suna cika buhuna da ƙasa, amma ruwa ya fara tsattsafowa ta ƙarƙashi. Layin damshi a katangar ɗakin tsohuwar gidan ya haura tsawon hannu, gishiri-gishiri ya fito a jikinsa. Babban ɗan ya dawo da laka har gwiwa ya durƙusa a gaban mahaifinsa.

"Baba, jingar nan ba za ta kai asuba ba. A bari in nemo karo (keken jaki) mu kai Inna da yara makaranta."

"Makarantar da aka ce mutum a kan mutum? Kakarka da tarin nan nata, in ta kwaso cutar nan wa zai karɓe ta a asibiti? Da muguwar rawa gara ƙin tashi."

Uwargida tana daga bakin madafa tana ɗaure takardu a leda, da lambar ƙasa ta kowa da takardar fili, ta ce: "Malam, ba sai makaranta ba. Gidan Yaya yana kan tudu, kuma ta ce mu zo tun shekaranjiya."

"Gidan suruki da mutum tara? Da awakin fa, da buhunan dawa?"

Tsohuwar da ake magana a kanta tana kan angarib, gadon igiya, tana jan carbi, ta ce ita ta ga ruwan 1988 kuma a ɗakin nan ya same ta ya bar ta. A ƙarshe an raba gidan biyu. Mata da yara da tsohuwa suka hau karo bayan isha'i zuwa gidan yayar uwargida, aka ware wa tsohuwa rakuba, wato rumfa, ita kaɗai a tsakar gida. Maigida da ɗansa suka zauna gadin dawa da awaki, suka fitar da gadajensu fili, nesa da katanga.

Duk abin da masana ke jerawa yana cikin wannan 'yar muhawara. Kuɗin mota, a shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 200 cikin ɗari a watan Satumba, ana layin burodi da na fetur. Dabbobi da hatsi, waɗanda su ne ajiyar gidan gaba ɗaya. Ko a Amurka sai da aka yi doka a 2006 cewa shirin kwashe mutane ya haɗa da dabbobin gida, don an ga a Katrina mutane sun ƙi shiga mota saboda karnukansu, balle wanda akuyarsa ce kuɗin makarantar 'ya'yansa. Ga kunyar zama a gidan surukai. Ga sirrin mata, wanda masu tsara sansani kan manta: aji ɗaya da maza baƙi, bayan gida ɗaya babu ƙofa, matar da ke jego ko budurwa za ta gwammace ɗakin da ke yoyo. Ga kuma tsohon da ya tsira sau ɗaya, wanda tsirarsa ta zame masa hujja, alhali ruwan bana ba na bara ba ne kuma katangar ta ƙara shekara talatin.

Akwai wani nauyi da ya keɓanci mutanenmu, kuma ban ga amfanin ɓoye shi ba. Kakannin da yawa daga cikinmu sun iso ƙasar nan ne a hanyar hajji, wasu kuma cikin ayarin da ya biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har suka kafa gari a bakin Nil Azrak. Fiye da ƙarni ke nan ana noma wannan ƙasa, amma har yau akwai gonaki da filayen da shaidarsu ita ce kowa ya san wane ke zaune a kai. A Yulin 2022 rikicin jihar Nil Azrak, wanda tushensa ƙasa ce da sarauta, ya ci sama da mutum 100, dubbai suka gudu zuwa Sinnar da jihar Nil Abyad (White Nile), aka sake wani mafi muni a Wad al-Mahi a watan Oktoba. Wanda ya ga maƙwabcinsa ya fita da niyyar kwana uku bai sake komawa gidansa ba, in ka ce masa ya tashi saboda ruwa, tambayar da ke ransa ita ce ko zai tarar da wurinsa. Jami'in da bai ba da amsar wannan ba, ko ya kwana yana shela a lasifika ba za a fito ba.

Malamai ma an ja su cikin maganar. Na sha jin ana kawo hadisin da ya ce in annoba ta ɓarke a ƙasar da kuke kada ku fita don gudunta, in kuma kun ji ta a wata ƙasa kada ku shiga. Hadisi ne ingantacce, kuma hikimarsa ita ce kada a ɗauki cuta a kai wa waɗanda ba su da ita. Amma wanda rufi ke shirin faɗo masa ba annoba yake gudu ba. A annobar Amwas, da Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce yana gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. An kuma ruwaito cewa Amru ɗan Asi ya umarci mutane su warwatsu a kan duwatsu maimakon su cure wuri ɗaya. A fahimtata abin da wannan ke koyarwa shi ne a tashi, amma a tashi a rarrabe, kuma mai tari ko gudawa ya faɗa wa masu masaukinsa gaskiya tun daga bakin ƙofa. Masana a Jami'ar Columbia da suka yi lissafin kwashe mutanen kudancin Fulorida a lokacin korona sun isa kusan wuri ɗaya: tafiyar za ta ƙara yaɗa cuta, amma yawan ƙarin ya dogara ne da inda aka nufa da kuma yadda aka zauna a can.

Daminar 2024 ta sauya lissafin. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya riga ya cika makarantun Gadarif da Kasala da Bur Sudan da 'yan gudun hijira, ga kuma waɗanda suka kwararo daga Sinja, babban birnin jihar Sinnar, da kewayenta bayan faɗa ya isa can a ƙarshen Yuni. Ajin da a 2020 ake ce wa mutane su je, a 2024 da masu shi. A watan Agusta ma'aikatar lafiya ta ayyana ɓarkewar kwalara, Kasala da Gadarif na kan gaba. A ƙarshen watan madatsar Arba'at, wadda Bur Sudan ke sha daga gare ta, ta fashe ta share ƙauyuka wajen 20.

Kwalara ba korona ba ce, kuma wanda ya ɗauki darasin 2020 ya ɗora a kanta zai yi kuskure. Korona numfashi take bi, don haka zaman gida kariya ne na gaske. Kwalara ruwan sha da abinci take bi. Gidan da ambaliya ta shiga, shaddarsa ta cika ta tumbatsa, ruwan ya gauraya da na rijiya da na randa, shi kansa ya zama wurin kamuwa. Wanda ya zauna a irin wannan gida don tsoron cutar sansani bai guje wa komai ba, ya ma nisanta kansa da wurin da ake ƙarin ruwa. Kwalara mai tsanani tana iya kashe babban mutum cikin sa'o'i, amma in an samu ruwan gishiri da suga da wuri, da ƙarin ruwa ga wanda ya galabaita, waɗanda ke mutuwa ba sa kai ɗaya cikin ɗari. Lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na suga, rabin ƙaramin cokali na gishiri: wannan kowace uwa za ta iya haɗawa kafin a isa asibiti. A sansanin kuma abin tambaya shi ne daga ina ruwan sha yake zuwa, ana sa masa kulorin, kuma ina bayan gida yake daga inda ake girki.

Ra'ayina a fili yake. In gidanka na ƙasa ne kuma ruwa ya kwanta a gindinsa, ko kana bakin kwari an ce an yi ruwa a sama, ka fitar da iyalinka, ko wace cuta ake yi a gari. Cuta akwai abin da za ka yi ka rage ta bayan ka isa: takunkumi, sabulu, tafasa ruwa, kwana a fili, ware wa tsoho wurinsa. Katangar da ta faɗo ba ta bar maka komai da za ka yi ba. In kuwa gidanka na bulo ne a kan tudu, zamanka shi ne taimakon da za ka yi, don ka bar wa mai bukata wurin, ka kuma buɗe zaurenka ga iyali ɗaya. Ba kowa ne ya kamata ya tashi ba, kuma shelar da ke cewa kowa ya fito ba tare da bambancewa ba ita ke jawo cunkoson da ake tsoro.

Abin da ya ceci gidan maƙwabcin nan nawa shi ne suna da inda za su tun kafin daren. Yawancin masu tashi, a Amurka ma haka ne, gidan dangi suke nufa ba matsugunin hukuma ba. Don haka maganar da ta fi muhimmanci ana yin ta ne a watan Yuni, kafin kogi ya fara hawa: gidan wa za mu, su nawa zai ɗauka, wa ke da karo ko raksha, babur mai ƙafa uku, da zai amsa waya da tsakar dare, wace alama ce in ruwa ya kai ta ba sauran muhawara. A sa alamar a jikin katanga da gawayi, a yi yarjejeniya a kanta da rana tsaka, lokacin da hankalin kowa ke kwance, da yardar tsohon gidan, don kada a tsaya roƙonsa cikin duhu. Masu ciwon suga da hawan jini su ajiye maganin mako biyu in hali ya yi, mai wankin ƙoda da mai tsohon ciki kuwa su ne ya kamata su riga kowa tafiya, tun hanya ba ta yanke ba.

Sauran aikin na unguwa ne. Mutanen tsibirin Tuti da ke Hartum sun yi suna tun 1946 wajen tare kogi da gayya, kowane yanki na gaɓa da masu gadinsa, kuma a 2020 kwamitocin unguwanni ne suka riga hukuma isa da buhuna a wurare da dama. Takiyyoyi, wato wuraren girkin sadaka na unguwa, da suka ciyar da mutane a lokacin yaƙin nan sun nuna cewa wannan ƙarfin yana nan. Irin wannan kwamiti zai iya rubuta gidajen da ke da tsoho ko gurgu ko mai jego, ya keɓe fili a tudu don dabbobi da mai tsaronsu, ya raba samari su yi sintiri a layukan da aka bari don kada ɓarawo ya riga mai gida dawowa, ya kuma sa mai unguwa da liman su shaida a rubuce cewa wannan fili na wane ne, ya fita ne saboda ruwa. A makarantar da za a sauka a ware ajin mata da labule da bayan gidansu, a ware aji guda nesa da sauran don wanda ya fara gudawa ko zazzaɓi, a tanadi ganga da kulorin kafin iyali na farko su iso.